Takardar da anka kawo wa Gwaggo

Da damina wani mutum ya zo Tozai bisa babur, ya miƙa wa gwaggona, ƙanwar mahaifina, takarda mai hatimin kotu. Mijinta ya rasu, kunnenta ya yi nauyi, kuma ba ta yi boko ba. Ta kawo mini, ni ko turancina bai wuce karanta buhun taki ba.

Malamin firamare ya duba, yac ce ƙararta anka kai. Mai shagon magani yac ce a'a, gonar marigayi za a raba. Kwana ukku Gwaggo ba ta ci abin kirki ba.

"Ɗana, mi ni yi wa hukuma?"

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo. Amma za ni raka ki."

Ran da anka sa, na goya ta bisa babur har kotu a garin Isa. Munka zauna bisa benci tun hantsi. Magatakarda ya yi ta kiran sunaye, mutane na shiga suna fita. Da azahar anka tashi, ba mu ji namu ba.

A baranda akwai wata lauya da teburinta, an ce tana duba wa marasa ƙarfi takardu kyauta. Ta karanta tamu, ta ɗago kai.

"Ai sau biyu anka kira ta."

Ashe sunanta na yanka anka rubuta. Ni tun tasowata laƙabinta kawai na sani, ita kuma ba ta ji ba.

Lauyar ta matso kusa da kunnenta. "Inna, ba ki yi laifi ba. Shaida za ki bayar. Shanu sun shiga dawar maƙwabcinki, an ce kin gani."

"Na ga shanu," in ji Gwaggo. "To su wa za a ɗaure?"

Matar ta yi mata bayani har sau ukku ba ta ƙosa ba, ta shiga ciki ta karɓo mana wata rana.

Da munka koma kotu a sabuwar ranar, sai anka ce maƙwabcin da mai shanun sun sasanta gaban hakimi, an janye magana. Ba wanda ya tambayi Gwaggo komi.

A hanyar gida Gwaggo ta taɓa kafaɗata. "Mu munka ci, ko cinye mu anka yi?"

Na rage gudu, na buɗe baki, sai na tarar ni ma ban sani ba. Na ce mata ta riƙe da kyau, akwai laka gaba.