Fuskar Yaya Hamisu da ba ta tsaya ba

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa a nan Inugu. Na so in bar ranar ta wuce shiru, don na gaji da tuna mutane. Rabin waɗanda muka zo kudu tare sun koma gida, da yawa kuma ƙasa ta rufe musu ido. 'Yarsa Zainab ce ta hana ni yin shirun.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai hoton 'yan arewa a Kasuwar Artisan. Mahauta, 'yan dako, masu tura baro, duk mai son aika wa uwarsa shaidar yana raye, wajensa yake zuwa. Kyamara, in ji shi, ido ce mai ƙiftawa. In ka sa ta ƙifta da sauri, ko sa ne ya diro daga tirela za ta kama shi cak a sama. In ka jinkirta ƙiftawar, duk abin da ya motsa sai ya shafe, kamar an ja hannu a kan ɗanyen fenti. Shi kuwa jinkirin yake so. Sai ya tsayar da mutum a bakin titi, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya ce, "Riƙe numfashinka." Hoto ya fito, keke da bas da masu wucewa duk sun narke a baya, ɗan dako shi kaɗai a tsaye, ana ganin har zufar goshinsa.

Wasu su tada jijiyar wuya, wai ya ɓata musu hoto. Ya ce, "Kai dai aika. Tsohuwa za ta ga garin yana gudu, ɗanta bai faɗi ba."

Mutumin da ya tsayar da rabin kasuwa, shi kansa bai iya tsayuwa ba. Hotonsa ɗaya ne ya rage mana. Wata Babbar Salla ya jera mu a ƙofar gida a unguwar Coal Camp, ya saita kyamara ta ɗauka da kanta, ya rugo ya shiga cikinmu. Daidai nan wani ya yi sallama, shi kuwa ba a yi masa sallama ya ƙyale, ya waiwaya ya amsa. Mu duka muka fito ras. Shi farar riga ce da hula, tsakaninsu hayaƙi. Ya yi dariya ya ce, "Ma sake." Ba a sake ba.

Zainab tana ƙarama ya rasu, ba ta riƙe kamanninsa ba. Makon jiya ta zo rumfata da waya a hannu. Ta sa hoton a wata manhaja mai gyara hotuna, manhajar ta fito da fuska, kyakkyawa, sumul, har da murmushi.

"Baffa, abeg duba da kyau. Shi ne?"

Na ce, "Ba shi ba ne."

"To ina ne ba daidai ba? Gaya min in gyara."

Na ƙura wa hoton ido. Hanci ne? Ido ne? Na san yadda yake karkata kai in yana saita kyamara, na san saurin tafiyarsa da yadda dariya ke girgiza masa kafaɗa. Amma fuskarsa a tsaye, wallahi ta kuɓuce min. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ita kuma ta gani.

Da yana nan ban san me zai ce da wannan zamani ba. Yau kowane ɗan dako da wayarsa, tana ƙiftawa yadda ta ga dama, ba mai riƙe numfashi don kowa. Ina jin wayar ba za ta dame shi ba, mutum ne mai son sabon abu. Abin da zai ƙi shi ne a ba 'yarsa baƙo a ce ubanta ne.

In na auna abin da ya bari, fuskokin 'ya'yan mutane ne rataye a ɗakunan iyayensu, daga Hadeja har Zuru, kowace tana nan yadda take. Tasa ce kawai babu.

Zainab ba ta goge hoton wayar ba, ni ma ban ce ta goge ba, don ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Tun ranar da ta nuna min hoton, in na rufe ido ina yi maka addu'a, fuskar baƙon nan ce ke fara zuwa, sai na kore ta.