Hoton Baffa a Bakin Gulbi

Tashi daga Dutsin-Ma

Ana idar da sallar asuba muka fito, a tsakiyar lokacin sanyi, irin sanyin da mutum ke alwala yana jin haushin ruwa. Mu biyar ne: mahaifina da muke kira Baffa, ƙanwarsa Gwaggo Dije, ƙanena Sule, ni, sai Raji mai hoto, Bayarabe haifaffen Funtuwa wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram.

Ga abin da ya fito da mu. Ƙanwata Hajara tana aure a Kumasi, kullum fatake suka zo sai ta aiko a tura mata hoton Baffa, don 'ya'yanta ba su san fuskarsa ba. Shi kuwa ya ce ba wanda zai sa shi cikin akwati yana da rai. A shekarar nan tari ya kama shi, ya rame ƙwarai. Rana ɗaya kawai ya ce ya yarda, amma ba a gida ba, sai a bakin wani gulbi da ke bayan Kurfi, inda rugarsu take a dā. Duk mun san idan ba a ɗauka a wannan sanyin ba, da wuya a ɗauka.

Ni ne ɗan fari, mu kuma Fulani ne da Hausa ta cinye mana baki amma ta bar mana kunya. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. Da yake tela ne ni, "mai keke" yake ce mini, shi ma sai ta kama. Na auna kafaɗar rabin mutanen Dutsin-Ma, ban taɓa auna tasa ba. Babbar rigar da ya sa ranar ma, da zan ɗinka ta, tsohuwar rigarsa Sule ya sato mini na gwada a kai.

Motar gyaɗa mai zuwa Katsina muka samu. Direban ya karɓi sule bibbiyu, ya dubi akwatin Raji mai ƙafa uku ya ce, "Wanga fa, mi ke ciki?"

"Mutane nake zubawa," in ji Raji.

Kowa ya yi dariya ban da Gwaggo, wadda ta ja tsaki ta matsa can ƙarshen buhuna.

Birchi

Da hantsi wani ɗan doka ya tsayar da mu a Birchi. Ba lasin ya dame shi ba, so yake a ɗauke shi da jar hularsa. Raji ya ba shi haƙuri, ya ce takardar hoto ta yanke masa, 'yar wadda ta rage ta tsohon nan ce. Sai lokacin na san haka. Muka sha koko da ƙosai a gindin wata bedi. Baffa kurɓa biyu ya yi ya ture ƙwaryar.

Kurfi

Mun sauka gidan Malam Haruna, abokin Baffa tun suna samari, mai makarantar allo. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Ana cikin ci Sule ya faɗi inda za mu, sai Malam ya tsame hannunsa daga akushi, bai ƙara mayarwa ba. Ya ce makiyaya sun daina shayar da shanu a wurin, gara su zaga nesa. Ya dubi Baffa ya ce, "Wajen Sambo za ka?" Baffa ya ce iska zai sha.

Da la'asar na matsa wa Gwaggo, ta faɗa mini. Ashe Baffa yana da ƙane, Sambo. Wata damina suna ƙetarar da shanu ruwa ya tafi da shi a wani gurbi mai zurfi, ba a ga ko sandarsa ba. Saboda haka aka tashi rugar. Ina da gemu a fuska, sai ranar na ji ina da wani baffa.

Bakin gulbi

Washegari Malam ya ba mu aron jakuna biyu, ɗaya na Baffa, ɗaya na akwati. Muka bi hanyar Wurma, sannan muka ratse cikin gonakin da aka girbe, ba kowa sai kara a tsaye. Tun muna jin muryar mata masu sussuka har muka daina ji.

Gulbin ya ƙafe, rairayi ne fari fat iyakar ganinka. A gindin wata tsohuwar kanya kaɗai ruwa ya rage, baƙi wuluk, ko motsi ba ya yi. Rana ta ɗaga sosai amma tururi na tashi daga kansa. Ba sawun saniya, ba sawun tsuntsu. Jakunan suka toge, Sule ya yi duka har ya gaji, dole muka ɗaure su can nesa. Ni da ba na tsoron komai sai allura ta karye mini ranar jajibere, sai ga ni ina ja da baya.

Raji ya nemi ruwan wanke hoto. Gwaggo ta hana a taɓa na gurbin, sai rairayi Sule ya tona ya ɗebo. Aka shimfiɗa tabarma, gurbin yana bayanmu. Baffa ya zauna ya bar fili a damansa. Sule ya zo zai zauna nan.

"Da mai wurin," in ji Baffa.

Sule ya koma hagu. Ni na tsaya can gefe, inda na saba tsayawa.

Raji ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada wanda ya motsa, ya cire murfin gilashin yana ƙirga a hankali, ya mayar. Ya zura hannu cikin akwatin ya yi 'yan dabarunsa, ya zaro takarda jiƙaƙƙiya. Wanda bai taɓa ganin hoto kafin a juya shi ba, ba zai gane ba: fuskokinmu farare, farin tufafinmu baƙi, kamar mutanen da aka tono. Ga Gwaggo, ga Sule, ga ni. Inda Baffa yake kuwa, ga alamar hula, ga alamar riga, amma fuska babu, sai wani abu kamar hayaƙi.

Aka sake. Na kafa wa Baffa ido ta gefe, wallahi a zaune yake kyam. Takarda ta biyu ta fito, hayaƙin ya fi na farko, har ya karkata wajen filin nan na dama.

Gwaggo ta fara salati ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba, tana cewa mu tafi, wurin nan bai son mu. Raji ya ce ba komai ba ne, rawar sanyi ce a jikin tsoho, ido ba ya gani amma gilashi yana gani. Bakinsa ne ya faɗi haka, goshinsa kuwa gumi yake a cikin wannan sanyi. Ya ce saura ɗauka ɗaya tak, kuma sai wani ya shiga bayan Baffa, ƙarƙashin riga, ya riƙe shi. Sule ya miƙe.

"Ba kai ba," in ji Baffa. "Mai keke."

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa a bayansa, Raji ya lulluɓa mini rigar, na zagaya hannuna a ƙirjinsa. Sai na gane na ɓata yadi, rigar ta isa mutum biyu irinsa. Haƙarƙarinsa na ƙirguwa a tafin hannuna, jikinsa sanyi ƙalau, yana kaɗawa daga ciki kamar keke in ana ɗinki. Tausayinsa ya kama ni har na manta da kunyar.

Ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Riƙe da kyau, Amadu. Sambo a hannuna ya suɓuce."

Na ƙanƙame shi. Ya saki nauyinsa duka a kaina, rawar ta tsaya cak. Cikin duhun rigar ina jin Raji yana ƙirga, sai na ji ruwan da ke bayana ya yi ɓul, sau ɗaya, kamar babban kifi ya juya. Ban saki ba sai da Raji ya ce an gama. Daga baya na tambayi Sule, ya ce shi bai ji komai ba.

Baffa ya fito a takardar. Da Raji ya juya hoton, ga shi nan ras, har tsagen goshinsa ana gani. Ya daɗe yana kallon kansa. Sannan ya karɓi takardun nan biyu masu hayaƙi, ya dogara sanda har bakin gurbin, ya aza su a kan ruwa.

"Ga naka nan, Sambo. Ƙara haƙuri kaɗan."

Takarda ce, na zaci za ta yi yawo a sama. Nan take suka nutse.

Komawa gida

Ba mu tsaya shan furar da muka zo da ita ba. Jakunan da suka ƙi zuwa, gudu suke a komawa. Muka sake kwana a Kurfi, Malam Haruna ya dubi hoton ya yi addu'a mai tsawo. Da safe muka samu motar da ta sauke gyaɗa a Katsina, kafin azahar muna Dutsin-Ma. Allah ya saka wa Malam da alheri, shi da Raji, wanda da ya samo takarda ya ƙara wanke mana guda bai karɓi ko kwabo a kanta ba, amma ya ce ko fam goma za a ba shi ba ya komawa gulbin nan.

Hoton ya isa Kumasi. Hajara ta aiko da godiya, da ƙorafin wai me ya hana Yaya shiga. Ina ciki. Wanda ya duba da kyau zai ga rigar Baffa ta yi tudu ta baya, ni ne.

Baffa bai ga ruwan farko na shekarar ba, bai kuma sake kiran sunana ba. Ranar da ya cika, aka kawo farin yadi za a yanka likkafani, wani dattijo ya ce a shiga a auno shi. Na ce a bari. Na karɓi almakashi na yanka da kaina, ya kuwa yi masa daidai.