Tafin Yaya Tanimu

Ranar wata Asabar ce, ƙarshen daminar da muka gama aji biyu na sakandare, Baba ya tsayar da keken ɗinkinsa a shagonsa na Anguwan Rogo, ya kira ni da Yaya Tanimu. Tanimu ya girme ni, amma ajinmu ɗaya, don an makara sa shi makaranta saboda in'ina. Baba ya ce ƙarfinsa ya ƙare, mutum ɗaya zai ci gaba da boko, ɗayan ya hau keken ɗinki. Shi bai yi boko ba, sai ya ce kowa ya karanto masa abin da ya fi wuya a makaranta, ya ji da kunnensa. Muka ce Faransanci.

Malamar Faransancinmu 'yar Kamaru ce, Madam kawai muke ce mata. Ba ta yarda a haɗiye kalma, sai an yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da tafinta. Mu abin dariya muka mai da shi, muna toshe hanci muna kwaikwayonta. Tanimu kuwa tafin nan ne ya kwance masa harshe, in yana tafawa ba ya sarƙewa. Da safe in mun tafi ɗebo ruwa cikin sanyin nan mai fasa leɓe, yana gaba yana buga jarka, "nu-par-lon, vu-par-le," ni ina baya ina hamma. Shi ya ganar da ni cewa kalmar aiki kamar riga ce: "Jikin ɗaya ne, hannun ake canzawa gwargwadon mai sawa." Duk abin da na sani a bakinsa na tsinta, tsakanin rijiya da gida, ko muna feraye wa Inna dankali a ƙofar kicin.

A gaban Baba ni na fara. Na zubo karatu kamar rediyo, har da ɗaga hanci. Da aka zo kan Tanimu sai ya ɗaga hannu zai tafa, Baba ya daka masa tsawa, wai ana maganar rayuwa yana wasan 'yan mata. Ya sauke hannun. Ya maƙale a kan "par", ya kasa wucewa. Ya dube ni. Abin da ya rage min kawai in ce shi ya koya min. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙyallayen da ke ƙasa. Baba ya ce ni zan ci gaba da boko, Tanimu ya zauna a shago.

To me na yi da bokon? A aji huɗu na bi abokai tasha, na watsar. Yau keke napep nake ja a Titin Bauchi, yara sa'annin ɗana suna ce min oga suna raina ni. Tanimu bai taɓa yi min gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Da ya zage ni sau ɗaya da na huta.

Kwanan baya na leƙa shagon, na tarar da 'yarsa Safiya tana irin wannan darasi a waya, wata murya na faɗa tana maimaitawa, ba Madam, ba tafi. Ta yi kuskure. Tanimu bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba, ya bubbuga teburin keken da tafin hannu, gaɓa-gaɓa, ya gyara mata, harshensa bai sarƙe ba. Ashe duk shekarun nan yana riƙe da abinsa. Na ce masa fasinja na jira, na fita.

Babu wanda ke jira na.