Gabas Biyu a Bakin Sitona

Hatsi nake saye ina sayarwa tun ina ɗaukar buhu a ka a kasuwar Bilbis, inda aka haife ni. Da Allah Ya buɗa, sai na sayi fili a gefen Gusau, ta hanyar da ke fita Bungudu, na gina sito. Ba wani gini ne na a zo a gani ba, bulo da kwano ne, sai rumfa da na kafa ta arewa don masu awo su samu inuwa. Amma duk abin da na tara a duniya a cikinsa yake kwana.

Ta kudu da ni akwai gidan taubashina, ɗan kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya koma kiwon tumaki. Tsakanina da shi ba a gaisawa sai da tsiya. Shi yana ce min sarkin ƙwari, wai rabin buhuna gero ne rabi ƙwaro. Ni kuma ina ce masa mai fansho, don na san nan ne ke masa ciwo.

Wata damina aka yi shela cewa za a shigar da filayen unguwarmu cikin kwamfuta. Aka ce daga yanzu ba sauran rigimar iyaka, kowa da filinsa a taswira, har gwamnati za ta san inda za ta bi da titi da lambatu. Na ji daɗin maganar, don na ga 'yan uwa da suka daina zuwa jana'izar juna saboda taku ɗaya na ƙasa. Wani ɗan jirgi mai ƙugi kamar zuma ya zo ya yi ta shawagi a kanmu yana ɗaukar hoto, kajin unguwa duk suka shige ƙarƙashin rumbu, sun ɗauka shaho ne.

Bayan jirgin sai ga safiyo, wato mai awon fili, mutum mai natsuwa, ɗan tsohon gida a cikin gari, da tabarau da doguwar sanda mai faifai a ka. Ya ce aikinsa ya dafa sandar a kowace kusurwa ta fili, tauraron ɗan'adam ya faɗa masa inda take. Ya dafa a dutsen iyaka na bakin hanya, lafiya lau. Sauran kusurwoyin kuwa, ɗaya tana cikin dawar da na shuka a bayan sito, ruwa ya kwanta a wajen har gwiwa, biyu kuma sai an bi ta garken taubashina. A garken nan akwai wani rago mai ƙaho a murɗe wanda ba ya ga maciji da baƙo. Safiyo ya sa ƙafa ɗaya, ragon ya ja da baya yana auna shi, sai ga safiyo a waje, sanda a gaba shi a baya.

Taubashina yana zaune a kan tabarma bai ko motsa ba. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, shi ma ma'aikaci ne, gadi yake."

Safiyo ya gyara tabarau, ya dubi layin gidajen da suka rage masa, ya dubi hadarin da ya taso. Ya ce, "Alhaji, ka san tsawon filinka da faɗinsa?"

Na faɗa masa, don wannan ko a barci aka tashe ni na sani.

Ya ce, "Daga wannan dutsen, ina ya miƙe?"

Na ce, "Gabas."

"Gabas sosai?"

"Gabas sak. Kowa a unguwar nan shaida ne."

Ya latsa abin da zai latsa, muka yi sallama, har na ba shi gyaɗa a leda ya ƙi karɓa.

Na manta da zancen har kaka ta yi. Shekarar an samu albarka, na zuba duk ƙarfina na sayo gero da dawa daga Karakkai da Ruwan Bore, da wake daga wajen Tsafe, sito ya cika har buhu na taɓa kwano. Wata safiya na dawo daga lodi na tarar da jama'a a tsaye suna kallon bangona na arewa. An zana masa alama da jan fenti, babba, wadda ko makaho ya shafa zai san ba ta alheri ba ce. Aka ce min lambatu zai bi ta nan, kuma katafila ta riga ta fara aiki daga farkon layi. Idan ta iso, kusurwar sito za ta tafi, in kusurwa ta tafi kuwa rufi zai bi ta, hatsina ya zauna a fili yana jiran ɓarayi da awaki.

Taubashina ya zo ya tsaya kusa da ni, hannu a baya. Ya ce, "Kai kuwa da wa ka haɗa baki aka yi maka ado kyauta? Ni bangona ko farar ƙasa ba a shafa mai ba."

Na sa babbar riga na tafi ofishin tsara gari.

Na yi zaton zan sha yawo daga tebur zuwa tebur, amma gaskiya ban sha ba. Safiyon nan yana nan, ya gane ni, ya ba ni kujera, ya juyo min da fuskar kwamfuta. Ga unguwarmu daga sama, ga rufin sitona, har tamfol ɗin da na rufe buhunan waje da shi. A kan hoton an ja wani layi shuɗi mai kusurwa huɗu, ya ce shi ne filina. To, layin da ginin ba su zauna daidai ba. Daga dutsen bakin hanya suka tashi tare, sai suka rabu kamar almakashi. Ginin ya karkata arewa ya fita daga layi, layin kuma ya karkata kudu ya shige gidan taubashina, ya haɗiye garken tumaki duka da ragon a ciki.

Safiyo ya ce, "Ka gani, Alhaji. Wannan kusurwar taka a wajen filinka take, a ƙasar gwamnati. Nan aka tsara lambatu."

Na ce, "To wancan garken fa?"

Ya ce, "A taswira dai naka ne."

Ni ɗan kasuwa ne, sai da na auna cinikin a zuciyata. Garke da rago a hannu ɗaya, sito cike da hatsi a ɗaya hannun. Ko yaron da ya fara talla jiya ba zai karɓa ba. Na ce masa ginin nan a gabana aka ja igiyarsa daga dutse zuwa dutse, kuma bulo ba ya tafiya. Ya ce shi ma tauraro ba ya ƙarya. Kowa dai da gaskiyarsa a hannu. Daga ƙarshe na ce, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ya daure ya zo ya gani. Ya ce zai zo kafin katafila.

Da na koma gida na samu taubashina yana ba tumaki dusa. Na ce, "Mai fansho, ka riƙa ba su da kyau, don gwamnati ta ce garken nan nawa ne. Ragon ma da shi zan yi layya."

Ya ce, "Mi kaka cewa?"

Na ba shi labari. Ban taɓa ganin tsiya ta bar bakin mutum da sauri haka ba. Washegari tun kafin in buɗe sito yana bakin ƙofa da hula da takalmi sau ciki, wai shi ya san aikin gwamnati, zai tsaya min. Na ce ashe dai zumunci a garke yake.

Safiyo ya iso da hantsi, da sandarsa da wata kwamfuta shafaffiya kamar faranti. Muna jin ƙarar katafila daga can farkon layi. Ya zaga, ya duba bango, ya duba farantinsa, ya sake duba bango. Taubashina yana biye da shi yana jero masa sunayen manyan da suka yi aiki tare, waɗanda rabinsu sun rasu. Har aka kira azahar ba a gano komai ba.

Muka yi alwala muka shimfiɗa buhunan wofi a rumfa. Safiyo, da yake baƙo ne a wajen, ya ciro wayarsa zai duba alƙibla. Na ce, "Malam, mayar da wayarka. Ka bi bangon nan kawai, gabas yake kallo sak. Da gangan na sa magini ya ja shi haka."

Na ga ya dubi wayar, ya dubi bangon. Taubashina ya ja mu salla. Muna sallamewa, ko addu'a bai gama shafawa ba, safiyo ya juyo.

Ya ce, "Alhaji, ran nan da ka ce min gabas, wace gabas kake nufi?"

Na ce, "Gabas nawa ce?"

Ya ce, "Biyu."

Taubashina ya ce, "Yaushe aka ƙaro ɗaya? Lokacin da muke aikin gwamnati ɗaya ce."

Safiyo ya aza wayar a kan buhu ya nuna mana. Ga kibiya ɗaya tana nuna inda ya ce ita ce gabas ta taswira, ga wata ta alƙibla ta ɗan karkata hagu, wajen arewa, ta bi bangona kamar da ita aka ja igiya. Ya ce daga ƙasarmu Makka ba gabas tsantsa take ba, akwai ɗan kwana. Ni na ba shi gabas ta salla, shi kuma ya ba kwamfuta gabas ta makaranta, ita kuwa abin da aka ba ta ta zana.

Na ce, "Wato kwamfutar taku ba ta salla."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce abin haushin shi ne, shi ma a gida in ya ce wa 'ya'yansa su fuskanci gabas, tawa yake nufi. Sai ya shiga ofis take zama ɗaya gabas ɗin.

Aka ɗaure rago da igiya biyu, taubashina da kansa ya rungume wuyansa yana masa magana kamar mai lallashin amarya. Safiyo ya dafa sandarsa a sauran kusurwoyin, muna kallon layin shuɗin nan a faranti ya juyo a hankali ya zauna a kan rufina daidai, ya saki garke. Ya buga waya ga masu lambatu, ya ce su dakata da wannan layin sai an gyara zane.

Ina cikin yi masa godiya sai ya ce, "Saura abu ɗaya, Alhaji. Sito ya tsira. Amma rumfar nan da muka yi salla, ko da wace gabas aka auna, a waje take."

Na duba farantin. Gaskiyarsa ce, kuma ban yi gardama ba, don wanda aka bar wa sa ba ya kuka a kan igiya. Da yamma na sa aka kwance ta, na jingine kwanon a bayan sito. Lambatu ya bi ta inda take, yanzu in an yi ruwa ba ya kwanciya a bayana.

Kwanon bai yi mako a jingine ba na hango shi a kan garken taubashina. Na ce masa wannan fa sata ce da rana tsaka. Ya ce ba sata ba ce, haƙƙin 'yan haya ne, tunda a taswira tumakinsa sun zauna a filina tun damina ban taɓa yi musu rufi ba.

Jan fentin yana nan a bango har yau, ban goge ba. Direbobin da ke kawo min kaya da shi suke gane sitona, in suna kwatance sai su ce a tsaya wajen mai gabas biyu.