Tsiron Dawa a Damunar New Bell

Shekarar da annoba ta sa aka rufe masallatai, muka yi tarawihi a tsakar gidanmu da ke unguwar New Bell a Duwala, ita ce shekarar da mai ɗakina ta kwanta. Ba annobar ce ta kama ta ba, taifot ne. Da aka sallamo ta daga asibiti ta rame har zani na neman zagaye ta sau biyu. Likita ya ce magani ya gama nasa aikin, saura ci. In ba ta ci ba, a mayar masa da ita.

To, cin ne ya gagara. Tuwo ko ganinsa ba ta so. Kunu in an dama da kauri sai ya tsaya mata a wuya. In an tsinka shi da ruwa, kofi guda ya cika mata ciki, alhali ruwa kawai ta sha. Kullum tana ƙara zubewa, ni kuwa ban da addu'a ban san abin yi ba.

Babbar 'yarmu ta zo daga unguwar Cité des Palmiers ran Lahadi. Ita ta yi boko mai zurfi, a kan abinci ma ta yi karatunta. Ta duba kwanon kunun, ta ce, "Baba, ara mini carbinka."

Na miƙa mata. Ta ce kowane ɗan dutse a jikinsa in ɗauke shi kamar ƙwayar sukari. Ganyen dawa yana haɗa wannan sukari daga hasken rana da iska da ruwa, sannan shuka ta shirya shi a zare, wani dogo miƙaƙƙe, wani mai rassa, ta nannaɗe ta ajiye a cikin ƙwaya. Shi ne sitaci, wanda su ke ce wa amidon a Faransanci. In ya ji ruwan zafi sai zaruruwan su kumbura su sarƙe, kaurin kunu ke nan.

"To wa aka ajiye wa?" na tambaya.

"Tsiro, Baba. Ran da ƙwaya za ta tsira, sai ta fito da wani abu kamar almakashi, ya riƙa yanka zaren gutsu-gutsu don ɗan tsiron ya samu abin sha. In muka sa garin tsiro a kunu mai kauri, zai tsinke ba tare da ruwa ba, ya yi zaƙi, ƙarfinsa yana nan."

Daga kan tabarma uwarta ta ce, "Wannan ai kunun zaƙin Inna ne. Sai da aka kai ki jami'a kika sani?"

"Mama, kin sani kika yi shiru?"

"Wa zai yi mini? Babanki?"

Na ce ni zan yi. Na sayo dawa, na jiƙa, na shimfiɗa a kan buhu a zaure, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Da fararen tsirrai suka leƙo, na tsaya ina tasbihi. Busasshiyar ƙwaya ce da na ɗauka matacciya, ashe guzurinta na cikinta.

Maƙwabcina, wani mutumin Garwa mai sayar da atamfa a kasuwar Kwango, ya shigo gaisuwa ya yi turus. A nan garin, in ka ga dawa ta tsira a kan buhu, gidan masu bilibili ne, wato burkutu.

"Subhanallahi, Malam! Daga rufe masallaci har an buɗe sana'a?"

"Magani ne, Alhaji."

"Haka duk suke cewa. A ajiye mini ƙwarya ɗaya."

Saura shanya, ga damunar Duwala. Sama ba ta ɗaukewa, in ta ɗauke ma iska jiƙe take. Da na ga fumfuna na shirin kama tsiron, sai na zuba shi a kasko kan garwashi, na soya har ya yi ja yana ƙamshi. Na daka, na zuba a kunu, na jira. Kunu ya ce bai san zancen ba. Na kira yarinyar a waya, ta yi dariya har tana tari.

"Baba, ka gasa almakashin! Wuta kashe shi take yi. Kunun ma sai ya sha iska kafin ka zuba."

Ranar mai ɗakina ba ta iya tashi alwala da kanta ba, dariyar ba ta shige ni ba. Na sake jiƙa wata dawar. Alhaji ya ciro fankar shagonsa ya kawo, yana cewa in masu unguwa sun tambaya, shi bai san kome ba. Muka baza tsiron a faranti ƙarƙashin kwanon rufi inda ɗumi ke taruwa, fanka na kaɗa shi har ya bushe ƙamas.

Na dama kunun gero mai kauri har ludayi ya tsaya a ciki. Na bar shi ya huce kaɗan, na yi bisimilla, na barbaɗa garin ina juyawa. A hannuna na fara ji, ludayin ya yi sauƙi. Kunun da ya ƙi motsi ya saki jiki, ya zama yana zuba kamar madara. Na sake tafasa shi kamar yadda aka ce mini saboda cikinta, na fifita, na kai mata.

Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Sai da ta ga gindin kwanon ta ɗago.

"Malam, shekarar da babur ya karya maka ƙafa, da kake shan kununa kana cewa in Allah ya tashe ka za ka rama, na ɗauka zancen maza ne."

"To, na biya?"

"Ka biya," ta ce, ta miƙo kwanon. "Ƙaro mini."