Batiran Kawu da Radiyon Kaka

Har yau in na ji warin ruwan batir, mai yaji a hanci, sai in ga kaina a ƙofar gidanmu na Agadas, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, sojoji na kan mulki.

Babanmu ya kora ragowar raƙumanmu kudu neman ciyawa, daga nan shiru. Kawuna, ƙanensa, shi ya riƙe gidan da tsohon kamyonsa, babbar motar kaya, yana kai dawar taimako Ingal. Kamyon batir biyu gare shi, an ɗaure su jere, kan wannan a wutsiyar wancan. Sai sun haɗa ƙarfi motar ke tashi.

Kakata kuwa ba ta da magana sai radiyo. Kowace la'asar da kamyon ke gida sai a maƙala igiyar radiyon a batir na dama, don shi ne kusa da zaure, ta zauna jiran gaisuwar matafiya ko za a ambaci ɗanta. Babu wanda ya lura guda ake ta tsotsa. A hanya kuma wuta ɗaya injin ke ba su: na hagu ya cika har ya tafasa, na dama bai ƙoshi ba.

Wata safiya kamyon ya ƙi tashi a gaban sito. Sojan da ke rabon lodi ya ce in aka sake, a ba wani. Wannan lodin shi ne tuwonmu. Abokan Kawu suka ce ya cire radiyon kawai, tsohuwa za ta saba. Ni dai na ji haushinsu, kuma har yanzu ban gama hucewa ba.

Kawu ya ce, "Inna, ba zan hana ki ba. Amma yau dama, gobe hagu."

Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Wa zai tuna mini?"

Ya ɗaura jan zare a batirin da za a maƙala wa radiyon, kullum aka gama saurare sai ya maida shi kan ɗayan. Kowace Juma'a sai ya kwance batiran, ya kai garaji a cika wa kowane wuta shi kaɗai, ya leƙa ruwansu rami rami. Wahala ce, yana yi yana mita, amma kamyon bai sake ba shi kunya ba.

Wajen ƙarshen rani, zaren na kan hagu, mai radiyo ya karanto gaisuwar Babanmu daga wajen Dakwaro. Kaka ta kifa fuska cikin zane, muka bar ta ta yi kukanta.

Yanzu hasken rana ke cika batiran gidana, har da wata na'ura mai daidaita su. Na gode wa masu ƙira. Amma na fi gode wa Kawu, da bai sa tsohuwa ta zaɓa tsakanin tuwo da labarin ɗanta ba.