Hannun Dama Da Ba Ki Zana Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, cikin azumi, Allah Ya karɓi ran Inna Salamatou, mai lallen Takoma Park a nan Amurka, 'yar Damagaram, bayan gajeriyar jinya. Ina aji Mama ta kira ni. Ban yi kuka ba sai da na dubi hannuna na hagu.

Inna, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini dariya ba a kan littattafan soyayyar da nake ɓoyewa cikin hijabi. Kin ce, "Juwairiyya, tunda biki kike so, zo in kai ki bikin da ba ya watsewa." Muka hau jirgin ƙasa na metro zuwa gidan tarihi a Washington. Kika tsayar da ni gaban wani shafi na tsohon littafin Indiya da aka zana da hannu: ɗan sarki bisa doki an rufe masa fuska da zaren furanni, giwaye, makaɗa, masu riƙe da fitilu, wutar wasa tana fashewa sama, duk a takardar da ba ta fi faranti ba.

Na daɗe ina neman amarya. Da ƙyar na iya tambaya.

Kika ce, "Amarya kike nema a waje? A garinku haka ake yi? Tana cikin wancan ɗakin da ake ɗauke da shi a kafaɗa. Dubi tsohuwar da ke riƙe da labule. Alwanka ce, wadda ta yi mata wanka ta sa mata lalle. Ni ce waccan."

Kowa ango yake kallo, ke kuma furannin bakin shafin kike kallo, kina bin su da yatsa a iska har mai gadi ya yi gyaran murya. Kika ce su za ki zana wa Yaya Ilham a bikinta bayan Sallah, kado, wato kyauta, daga gare ki. Ba ki taɓa zane a takarda ba. Kin ce takarda ba ta da ɗumi, don haka a hannuna kika gwada, ana gobe za ki kwanta. Hagu kika gama, aka kira magariba, kika ce in kawo dama gobe. Gobe ta same ki a asibiti.

Na so a ce na roƙe ki mu ƙarasa bayan shan ruwa. Na so a ce kin kai ranar da za ki riƙe mini labule.

Yanzu lallen yana gushewa. Da safar hannu nake wanke-wanke. Na ɗauki hotonsa, amma hoto ba ya nuna inda kika fara da inda kika ɗaga hannu. Lallen ba zai kai Sallah ba. Shi ya sa jiya na ajiye kunya na ce wa Yaya Ilham ta ba ni hannunta in koya. Zanen ya karkace, Inna. Ta ce in ci gaba, shi za ta sa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa azumin da kika fara ya cece ki. Kawu Hamani, Anti Zeinabou, da 'yan uwa na Damagaram, Allah Ya ba mu haƙuri. Hannuna na dama kuwa na bar shi haka.